Zaɓen Littattafan Hira Domin 'Yan Makaranta a Nijeriya

Ko wane malamin da ke koyar da Ingilishi a makarantar sakandare ya san 'yan awoyin da a ke ba shi cikin mako ba su isa su sa yaro ya iya harshen ba. Abin da ya ke yi a aji kamar sharar gona ne da shuka. Ruwan da zai raya shukar kuwa sai yaron ya nemo da kansa, a ɗakin kwana ko a gida lokacin hutu, cikin littafin da ba wanda ya tsaya a kansa da bulala. Sabo da haka tun ran da aka soma koyar da Ingilishi a ƙasar Hausa a ke fama da tambaya guda: wane littafi za a miƙa wa yaro ya tafi da shi, wa kuma zai zaɓa masa? Yau shekara ɗari ke nan da ɗoriya ana amsa ta, ko wane zamani da irin tasa amsar.

Makarantar da Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, da Hausa aka fi yin karatu a cikinta. Ingilishi bai kafu sosai ba sai da aka kafa Kwalejin Katsina cikin 1921, wadda Gwamna Clifford ya zo ya buɗe cikin 1922. Can ne Ahmadu Bello da Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, kuma kwalejin ta yi suna wajen gyara bakin ɗalibanta, har ya zama da jin Ingilishin mutum a kan gane ɗan Katsina ne. Amma gyaran baki daban, son karatu daban. Yaran da ke zuwa kwalejin ba daga ƙasa marar littafi suka fito ba. Kano da Katsina da Sakkwato cike su ke da littattafan fiƙihu da nahawu da tauhidi tun da daɗewa. Sai dai waɗannan a gaban malami a ke karanta su, ɗalibi ya ja baƙi, malami ya fassara, a tsaya inda ya ce a tsaya. Labarin da wani ya zauna ya ƙaga kuwa sunansa tatsuniya, aikin tsofaffin mata ne da yara bayan an ci tuwon dare. A ce saurayi mai gemu a tafe ya kishingiɗa shi kaɗai da littafin tatsuniya, a kuma kira wannan karatu, abu ne da iyaye da yawa ba su ga kansa ba.

Wanda ya fara karo da wannan matsala gaba da gaba shi ne Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya. Ya lura ana koya wa yara haruffan boko, amma in sun iya ba su da abin karantawa sai littafin lissafi da na kiwon lafiya. Cikin 1933 ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon masu ilmi su rubuta labarai na ƙagawa, za a yi gasa. Shi da kansa ya ba da labari daga baya cewa ya sha wuya kafin malamai su yarda aikin ya dace da mutum mai mutunci. Duk da haka aka samu. Daga wannan gasa aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Aka kuma buga Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

Cikin 1936 aka ɗauko Imam daga Midil ta Katsina, inda ya ke koyarwa, aka kawo shi Zariya ya rubuta littattafan karatu domin makarantu. East ya tara masa littattafan hikayoyi na Larabawa da na Indiya da na Turai, shi kuwa ya tsince waɗanda ya ga za su shiga, ya tuɓe musu tufafinsu na asali ya sa musu riga da rawani. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939. Wannan ma zaɓe ne, zaɓen da ya fi duk waɗanda suka biyo bayansa dacewa, don kuwa littafin ya ƙetare katangar makaranta ya shiga zauruka, inda mai boko ɗaya kan karanta wa mutum goma. Ta haka yaron Arewa na shekarun 1940 ya ɗanɗani daɗin labari a rubuce da harshensa kafin a miƙa masa na Ingilishi.

To, amma da aka zo ga Ingilishin sai wata wahala ta ɓullo. Littattafan hira na Ingila an rubuta su ne domin wanda ya sha harshen a nono. In aka ba yaron da ya yi shekara uku ko huɗu yana koyo littafin Charles Dickens yadda ya ke, zai ci karo da baƙuwar kalma goma ko fiye a shafi guda. Ya buɗe ƙamus, ya rufe, ya sake buɗewa, kafin ya kai ƙarshen shafi ya manta wanda ke magana. Ran nan sai ya tura littafin ƙarƙashin katifa, shi ke nan.

Maganin wannan daga Indiya ya zo. Wani Bature mai suna Michael West, shugaban kwalejin horon malamai a Daka ta ƙasar Bengal, ya yi shekaru yana auna yadda yaran wurin ke karatun Ingilishi, ya buga sakamakon bincikensa cikin 1926. Ya ga yawancinsu za su bar makaranta kafin su iya magana da harshen, amma in an koya musu karatu sosai to sun sami abin da zai zauna da su. Dabararsa mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar aikatawa. A ƙirga kalmomin da aka fi amfani da su, a fara da su. Kada a saka sabuwar kalma sai bayan kamar hamsin waɗanda yaro ya riga ya sani, kuma in ta shigo a maimaita ta har ta zauna. Kalmar da ta tsufa ko ta yi wuya a musanya ta da 'yar'uwarta mai sauƙi. Kamfanin Longmans ya buga jerin littattafan da ya shirya da suna New Method Readers, sa'an nan aka bi su da waɗansu na ƙari, watau shahararrun labarai da aka taƙaita aka sake rubutawa cikin adadin kalmomin da aka ƙayyade wa ko wane mataki. Waɗannan na ƙarin ba domin darasi aka yi su ba, domin yaro ya karanta shi kaɗai ne, da sauri, ba ƙamus. Cikin 1953 West ya buga jerin kalmomi wajen 2,000 waɗanda ya ce su ne gishirin harshen, aka daɗe ana auna littattafan yara da shi.

Waɗannan 'yan ƙananan littattafai su suka cika kabad na makarantun Midil da na sakandare a ƙasashen da Ingila ke mulki, har da Nijeriya. A shekarun 1950 kuma babban ɗakin littattafai na Jihar Arewa da ke Kaduna ya riƙa aika akwatunan littattafai zuwa makarantu da ɗakunan karatu na En'e. Masu son adabi sun sha kushe taƙaitattun labaran nan, suna cewa an tsotse romon an bar wa yaro ƙashi. Da gaskiyarsu ta wani gefe. Amma yaron da ya gama littafi guda da kansa, daga bango zuwa bango, ya sami wani abu da wanda ya maƙale a shafi na shida na Dickens bai samu ba, watau ya san zai iya, gobe kuma zai koma ya karɓo wani.

West ya auna nauyin kalmomi, bai auna abin da kalmomin ke ɗauke da shi ba. Malaman da ke zaɓen littattafai a lokacin Turawa ne, abin da suka ji daɗinsa suna yara shi suka ɗauko: Robinson Crusoe, da Treasure Island na Stevenson, da King Solomon's Mines na Rider Haggard wanda ya fito cikin 1885, da Prester John na John Buchan na 1910. Ba da mugun nufi yawancinsu suka yi ba. Sun ga labaran Haggard da Buchan a Afirka suka faru, suka ɗauka yaran Afirka za su fi jin su kusa. Yaran kuwa sun so su ƙwarai, gama labarai ne masu tafiya, da yaƙi da dukiya a ɓoye da tsallake rijiya da baya. Sai dai a cikinsu Bature ne jarumi mai hankali, baƙin mutum kuwa in ba amintaccen bara ba ne, to, mugun boka ne ko taron masu māsu da a ke harbewa.

Shaidar da ta fi ƙarfi a kan abin da wannan ya yi wa zukatan yara daga Kudu ta fito. A Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, wadda aka kafa cikin 1929, an yi wani shugaba a shekarun 1940 mai suna William Simpson. Ya ga ɗalibansa ba abin da su ke yi sai haddar littattafan darasi don tsoron jarrabawa, sai ya kafa doka: akwai lokatai da aka keɓe bayan an tashi daga aji waɗanda ba a yarda a ga kowa da littafin darasi ba. Wanda ba ya filin wasa, to, ya ɗauki littafin hira ko tarihin rayuwar wani. Simpson bai ce ga littafin da za a karanta ba. Ya cika ɗakin littattafai, ya toshe hanyar hadda, ya bar yara su zaɓa. Daga wannan makaranta guda aka sami Chinua Achebe, wanda ya shiga cikin 1944, da Christopher Okigbo da Chukwuemeka Ike da Elechi Amadi, daga baya kuma Ken Saro-Wiwa. Da wuya a nuna wata makaranta a Afirka da ta fid da marubuta kamar haka.

Amma Achebe ɗin nan, wanda ya yaba wa dokar Simpson har tsufansa, shi ne kuma ya faɗi ɗaya gefen. Ya ce sa'ad da ya ke karanta irin su Haggard da Buchan yana yaro, bayan Turawan cikin labarin ya ke bi, yana jin haushin baƙaƙen da ke tare musu hanya, bai ko lura ba cewa in da zai shiga littafin a cikin waɗancan za a jera shi. Sai da ya je Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe cikin 1948, idonsa ya buɗe. Can aka ba su Mister Johnson na Joyce Cary, wanda ya fito cikin 1939. Cary ya yi aikin mulki a Borgu, labarinsa kuma a Nijeriya ta Arewa ya kafa shi, a kan wani akawu mai yawan fara'a da wauta wanda a ƙarshe Baturen da ya ke bauta wa ya harbe shi. Malaman Ibadan sun zaci sun kawo wa ɗalibai abin da zai faranta musu rai, tun da an yabi littafin a Turai da Amurka. Ɗaliban suka ƙi shi ƙememe. Ba su ga kowa da suka sani a cikin akawun nan ba. Wannan haushi yana cikin abubuwan da suka sa Achebe ya rubuta Things Fall Apart, wanda aka buga cikin 1958.

Daga nan kabad ɗin makaranta ya fara sake kama. Cikin 1962 kamfanin Heinemann ya soma jerin littattafan marubutan Afirka masu araha, masu bango ruwan lemo, Achebe ne mai ba da shawarar abin da za a buga har zuwa 1972, lokacin da suka kai ɗari. Kasuwar da aka nufa da su makarantu ne na ƙasashen da suka sami mulkin kai. Ga yaron Arewa kuwa wanda ya fi kusa da shi a cikin marubutan nan shi ne Cyprian Ekwensi. Ibo ne, amma a Minna aka haife shi cikin 1921, a Arewa ya tashi, yana jin Hausa. Littafinsa Burning Grass, na biyu a jerin Heinemann, labarin Filani makiyaya ne. The Passport of Mallam Ilia kuwa, wanda aka buga cikin 1960, ɗan ƙaramin littafi ne da yaro zai iya gamawa a dare biyu: labarin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana bin sawun wanda ya raba shi da matarsa, har bin ya kai shi Makka. Hanyar nan ba baƙuwa ba ce ga Hausawa. Kakanni da yawa sun bi ta a ƙasa ta Barno da Sudan, waɗansu suka yi shekaru a tafe, waɗansu ba su komo ba, zuriyarsu na nan a unguwannin Makka irin su Misfala da Rusaifa. Yaron Kano da ya buɗe wannan littafi ya tarad da sunaye da garuruwa da ya sani cikin harshen da ya saba ganin dusar ƙanƙara a ciki.

Akwai wani abin mamaki game da Ekwensi. Littafinsa An African Night's Entertainment, na 1962, wanda dubban 'yan makaranta suka karanta don koyon Ingilishi, labarinsa da na Jiki Magayi ɗaya ne: attajirin da ya ƙwace wa saurayi budurwa da ƙarfin dukiya, saurayin ya tafi neman sihirin da zai lalata ɗan da za su haifa. Neil Skinner, wanda ya yi aikin buga littattafai a Zariya kafin ya koma koyar da Hausa a Jami'ar Wisconsin, ya jera littattafan biyu gefe da gefe cikin wata maƙala ta 1973, ya nuna yadda na Ingilishin ya bi na Hausan. An yi ta gardama a kan ko wannan aro ne ko wani abu da ya fi aro. Ko ma mene ne, labarin da aka rubuta a Zariya don yara su sami abin karantawa da Hausa ya zaga ya komo musu cikin rigar Ingilishi bayan kusan shekara talatin. Shaihu Umar ma ya bi wannan hanya, amma a fili, sa'ad da Mervyn Hiskett ya fassara shi cikin 1967.

Sai dai littattafan nan suna shiga makaranta jarrabawa ta yi musu ƙawanya. Hukumar shirya jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa cikin 1952, ta riƙa sa littattafan Afirka cikin waɗanda za a yi tambaya a kansu. Wannan ya sa aka saye su da yawa, marubuta suka sami abin sawa a baka. Amma littafin da aka ce za a yi jarrabawa a kansa ya tashi daga na hira ya koma na darasi. Malami ya tsaya yana ba da ma'anar ko wace kalma, yara suna rubuta halayen Okonkwo ɗaya, biyu, uku, suna haddacewa.

Su kuwa yara ba su jira kowa ba. A shekarun 1970, sa'ad da kuɗin man fetur ya shigo aka kuma buɗe ilmin firamare kyauta cikin 1976, makarantu suka cika, littattafai suka yi araha. Ɗakunan kwanan samari suka cika da labaran 'yan fashi da 'yan sanda na James Hadley Chase, na 'yan mata kuma da labaran soyayya na Mills & Boon. Ba malamin da ya zaɓe su, da yawa ma ƙwacewa su ke yi in sun gani. Littafi guda ya kan zaga aji duka, bangonsa ya fita, a riƙa bin layi. Kamfanin Macmillan ya lura da wannan ƙishirwa, cikin 1977 ya fito da jerin Pacesetters: labarai gajeru, Ingilishi mai sauƙi, marubuta 'yan Afirka, birane da motoci da soyayya da cin amana. Cikin na farko-farko akwai The Undesirable Element na Mohammed Sule, wani saurayi Bakano. Masana adabi ba su ɗauki jerin da muhimmanci ba. Amma in aka tambayi waɗanda suka yi sakandare a Arewa tsakanin 1978 da 1988 inda suka sami saurin karatun Ingilishi, da yawa ba littafin da ke cikin manhaja za su ambata ba. A zamanin nan ne kuma 'yan Arewa suka fara fitowa da manyan labarai cikin Ingilishi, kamar Labo Yari da Climate of Corruption cikin 1978, da Zaynab Alkali da The Stillborn cikin 1984, wanda ya ba 'yan mata labarin yarinyar ƙauye irin tasu mai neman ilmi.

Wannan yalwa ba ta daɗe ba. Bayan 1986 darajar naira ta faɗi, littafin da aka buga a waje ya fi ƙarfin uba mai albashi, balle manomi. Ɗakunan littattafai na makarantu suka zama wurin ajiye karyayyun kujeru. Gurbin da aka bari kuwa Hausa ce ta cike shi. Matasa a Kano da Kaduna da sauran garuruwa, mata da yawa a cikinsu, suka shiga rubuta labarai suna bugawa da kuɗinsu. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya cikin 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma da In Da So Da Ƙauna cikin 1991. Aka sami masu ba da hayar littafi a unguwanni, a biya kuɗi kaɗan a karanta a mayar. Abin da East ya yi ta roƙo a 1933 ya samu fiye da yadda ya zata, 'yan makaranta suna karatu ba wanda ya sa su, har suna ɓoye littafi cikin littafin darasi. Amma manya ba su yi murna ba. Aka ce littattafan suna ɓata tarbiyya, suna kuma hana yara koyon Ingilishi. Cikin 2007 Gwamnan Kano, Malam Ibrahim Shekarau, ya halarci wani taro a wata makarantar 'yan mata inda aka ƙone tarin irin waɗannan littattafai da aka karɓe daga ɗalibai. Marubuta suka yi ƙorafi, suna cewa an haɗa mai kyau da marar kyau an cinna wa wuta.

Hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, wadda aka kafa cikin 1978, ta gwada tata dabarar daga baya. Ta riƙa zaɓen littafin hira guda ta ɗora wa duk mai neman shiga jami'a, ko likita zai zama ko injiniya, a yi masa 'yan tambayoyi a kai cikin takardar Ingilishi. Daga 2021 zuwa 2024 littafin shi ne The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, wanda yawancin labarinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya faru. Fiye da mutum miliyan ɗaya ke zama jarrabawar ko wace shekara, watau ba wani malami a tarihin ƙasar da ya taɓa zaɓa wa yara masu yawa haka littafi. Ba a jima da sanar da sunansa ba sai ga taƙaitawarsa a kasuwa da cikin wayoyin hannu, babi-babi, da tambayoyin da a ke zaton za su fito da amsoshinsu a ƙasa.